Ranar da Aka Gayyaci Mai Garuwa

Shekara ashirin ina tura kura a Rijiyar Lemo.
Sunan unguwar rijiya, amma ni ne rijiyarta.
Ba mai kirana da sunan da ubana ya yanka wa rago,
sai "Mai ruwa!" daga bayan labule.

Ran Laraba sai ga takarda, har da hatimi:
Malam Tanimu, muna gayyatarka bikin ruwa.
Na sa ɗan maƙwabci ya karanta sau biyu
don in ƙara jin Malam ɗin.

Asabar na sa rigar Juma'a, na wanke kura.
Filin firamare ya cika maƙil,
masu awara, masu zoɓo, iyaye a inuwar darbejiya,
mai unguwa kan kujerar roba, lasifika tana tari.

Malama Balaraba ta ce, "Ba jawabi muke so ba.
Ba su kurar kawai."
Jarka goma sha biyu, kowace har wuya.
Yara takwas 'yan aji biyar suka dafa,
suka yi kabbara, suka danna.
Taya ta juya sau uku, ta ƙi.
Sagiru, wanda na sha gani yana wanke keke da bokiti biyu,
ya ɗago, gumi na bin haɓarsa:
"Baba, daga ina kake turo shi?"
Na ce, "Daga burtsatsen Kurna, in akwai wuta.
In babu, sai gaba."
Bai ƙara cewa komai ba.

Can gefe an jera butoci, gasar alwala.
Liman ya tsuguna yana duban gwiwar hannu da diddige,
kada rowa ta cinye farilla.
Lawiza ta gama da kofi ɗaya, har da saura.
Aka ba ta sabulu da littafi,
kakarta ta yi guɗa kamar an sauke Alƙur'ani.

Ɗan'azumi mai gyaran famfo bai yi surutu ba.
Da hantsi ya tara kwano ƙarƙashin famfo mai ɗiga,
ya tafi ya ci awararsa.
Kafin la'asar kwano ya cika yana amai.
Ya ce, "Kun ji da yayyafi kogi kan cika.
To da ɗigo randa kan ƙare."
Ya ba Mardiyya sufana da ɗan zoben roba,
ta murɗa, ta cije leɓe, ta murɗa.
Famfo ya yi shiru. Filin ma ya yi.

Sai ruwan wankin shinkafar masu girki,
wanda da kwata ce gadonsa.
Aka ɗura shi a gorunan roba masu huji,
aka binne kowace gindin dashen zogale.
Kowane yaro ya rubuta sunansa a jikin gora,
wai nasa ba zai riga na wani mutuwa ba.

Ina fita, Ɗanjummai abokin turi ya tare ni:
"Kai wawa ne? Kana koya musu kashe maka kasuwa."
Ban ba shi amsa ba.
Bayana ne ya amsa da dare, da na kwanta.

Litinin, gidan su Sagiru.
Jarka huɗu suke saye kullum. Yau uku.
Shi ya fito da kansa ya kama mini hannun jarka,
ya riƙe mazurari da hannu biyu
kamar mai da ake aunawa.
Ɗigo ɗaya ya kuɓuce kan siminti,
muka bi shi da ido, ni da shi,
har rana ta shanye.

Na rasa kuɗin jarka ɗaya.
Ina juya kura a bakin zaure ya ce,
"Sai gobe, Malam Tanimu."